Ginin Gwamnati Ba Ɗanka Ba Ne Da Za Ka Yi Wa Ubangidanka Takwara Da Shi

Makon da ya wuce na raka kawuna wajen tantance 'yan fansho a wata sakatariya, ba sai na faɗi wacce ba don in ka ga ɗaya kamar ka ga sauran ne. Kawu malamin asibiti ne, shekara 35 ya yi yana yawo daga wannan ƙauye zuwa wancan, yanzu gwiwa ta ƙi, ni nake riƙe masa fayil in nemo masa wurin zama. Mun isa tun bakwai da rabi amma mun tarar da layi har bakin get, tsofaffi wasu a kan benci wasu sun shimfiɗa kwali a ƙasa, banɗaki kuma an garƙame shi da kwaɗo wai babu ruwa.

Muna nan zaune sai na lura da wasu samari biyu a kan tsani suna kwance haruffan sunan ginin suna ɗaura wasu sabbi masu ruwan gwal. Sabon sunan na wani babba ne da yake kan kujera yanzu haka, wanda ake cirewa kuma na wani tsohon ma'aikaci ne da ya rasu tun ina firamare. Haruffan da aka kwance an zube su a gindin darbejiya, ga wani ɗan jari-bola a tsaye da buhunsa yana jiran a gama a yi ciniki.

Kawu ya daɗe yana kallonsu bai ce komai ba, can sai ya taɓa ni ya ce, "Ka ga mutumin nan da suke sauke sunansa? Shi ya sa hannu a takardar ɗaukata aiki. A keke yake zuwa ofis, kuma in ka makara minti biyar zai tsaya a bakin ƙofa ya kalle ka kawai, kallon nan ya ishe ka." Na ce, "Kawu to me ya yi aka cire shi?" Ya ce, "Ɗana, mutuwa ya yi."

Wallahi tun ranar maganar nan take cina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ni dai matsayata a fili take. Ina goyon bayan a riƙa sa wa gine-ginen gwamnati sunayen mutanen da suka yi wa jama'a hidima, yabon gwani ya zama dole, kuma ƙasar da ba ta tuna ma'aikatanta na kirki to kada ta yi mamaki in ta wayi gari babu su. Abin da na ƙi shi ne a sa sunan mutum alhali yana kan mulki, kuma na fi ƙin a kankare sunan mamaci don a samar wa mai rai wuri. Sannan wannan kalma ta "ma'aikacin jama'a" mun matse ta ta koma shugaban ƙasa da gwamna da minista kawai, kamar malamin makaranta da unguwarzoma da ɗan kwana-kwana ba jama'a suke wa aiki ba.

Na san abin da za a ce min, don na riga na ji wasu a majalisarmu ta bakin titi, bari in bi su.

"Suna ne fa kawai, ana fama da tsadar rayuwa kai kana maganar allo"

Wannan shi ne na farko da abokina ya jefe ni da shi, kuma ban raina maganarsa ba, wanda bai ci abinci ba ina ruwansa da abin da aka rubuta a jikin bango. Amma in suna ba komai ba ne me ya sa masu mulki suke rububinsa haka? Su sun san darajarsa ai. Suna linzami ne, mu muka faɗa da bakinmu.

Ku dubi abin da ya faru a Minna. A watan Yunin 2023 aka fitar da sanarwar canza wa filayen jirgin sama 15 suna, na Kaduna aka ba Hassan Usman Katsina, na Gombe Zakariya Maimalari, na Yola Lamido Aliyu Mustapha, na Minna kuma aka sa masa sunan Malam Abubakar Imam. Duk wanda ya yi karatun Hausa a firamare ya san mutumin nan ko bai san fuskarsa ba, haifaffen Kagara ne a jihar Neja, shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko da aka fara bugawa a 1939, ya rasu a 1981. Na ji daɗin wannan karramawar sosai, na ce yau dai an tuna da mai alƙalami.

Wata tara kacal. A watan Maris na 2024 aka sauke sunan Imam aka ɗora na Bola Ahmed Tinubu, shugaban ƙasa mai ci, wanda a lokacin ko shekara ɗaya bai cika a kan kujera ba. Mutumin da aka yi shekara arba'in da biyu bayan rasuwarsa kafin a tuna da shi, ko shekara guda ba a bar masa ba. To yaron da yake aji uku a Kagara me ka koya masa da wannan? Ka koya masa cewa rubutu da ilimi da aikin shekara da shekaru duk ba su kai ziyarar kwana ɗaya ta mai mulki ba. Wannan darasin ya fi allon tsada, kuma yaran suna ɗauka, kada ma mu yaudari kanmu.

Ga kuma kuɗin da ake kashewa wanda ba a cika lissafa shi ba. In aka canza sunan wuri sai an canza allo, da hatimi, da takardun ofis masu kan suna, da rasit, da fentin jikin motoci, da katin shaidar ma'aikata, ga walimar buɗewa da rumfuna da kujeru, duk kwangila ce kuma duk daga baitulmali. A sakatariyar da muka je, kuɗin haruffan nan masu ruwan gwal na tabbata zai gyara famfon banɗakin da tsofaffi suke zagayawa bayan katanga saboda shi.

"A karrama mutum yana raye ya gani da idonsa, ai mu ma muna yin takwara"

Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi kuma wani dattijo ne ya kawo min ita, ya ce ai a al'adarmu ba ma jira mutum ya mutu kafin mu yi masa takwara, in ka haifi ɗa kana iya sa masa sunan mahaifinka ko malaminka ko amininka yana raye, ya zo ranar suna ya ɗauki jaririn ya sa masa albarka, har ya riƙa aiko masa da kayan salla. Gaskiya ne, kuma abu ne mai kyau.

Amma Baba, ɗan naka ne, ragon sunan ma kai ka saya da guminka. Ba ka taɓa jin wani ya shiga gidan maƙwabci ya raɗa wa jaririnsu sunan ubangidansa ba. Ginin gwamnati na mai sayar da ƙosai ne da take biyan harajin kasuwa, na ɗan adaidaita ne da yake yankar tikiti kullum safiya, na wanda ya zaɓe ka ne da wanda bai zaɓe ka ba. Kwamishina ko minista ba shi da hurumin ɗaukar kayan mutane ya yi wa wanda ya naɗa shi kyauta da shi. In yana son ya nuna godiya ya gina makaranta da kuɗinsa ya sa sunan, ba mai cewa uffan.

Sannan mai mulki aikinsa bai ƙare ba tukuna, ba mu san yadda zai sauka ba. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mutum nawa muka tafa wa a shekarar farko muka dawo muna Allah ya isa a ta huɗu? In ka riga ka manna sunansa a bango sai ya zama ko dai a zauna da shi ana jin haushi ko gwamnati ta gaba ta zo ta kankare, ita ma ta manna nata, haka za a yi ta yi kamar allon makarantar allo, a rubuta a wanke.

Ku lissafa abin da aka sa wa sunan shugaban ƙasa mai ci a cikin shekara biyu kawai. Filin jirgin Minna, ɗakin karatu na Majalisar Tarayya, wani ginin fasaha na hukumar shige da fice, barikin soja a Asokoro, kwalejin kimiyya da fasaha a Gwarimpa, sai babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa na Abuja. Kuma kada wani ya ce ina yi ne don Tinubu ne, a jerin filayen jirgin nan na 2023 na Maiduguri sunan Buhari aka sa masa yana raye, a Kano ma asibitin Giginyu sunansa yake ɗauke da shi tun yana kan mulki. Ban so wancan ba, ban so wannan ba. Cutar ba ta da jam'iyya.

A Amurka tun 1866 doka ta hana a sa hoton mai rai a takardar kuɗi, kuma hukumar da take kula da sunayen wurare kamar duwatsu da koguna ba ta karɓar sunan mutum sai ya shekara biyar da rasuwa. Ba wai don su ne suka yi ba zan ce mu yi, a'a, hankali ne kawai, shekara biyar ta isa hawaye su bushe, 'yan amshin shata su watse, a ga abin da ya rage na gaskiya.

"Ai shi ya gina, ko shi ya gyara"

Da kuɗin wa?

Ɗakin taron nan na Abuja a 1991 aka gina shi zamanin Janar Babangida saboda taron ƙungiyar haɗin kan Afirka da aka yi a shekarar. Babangida bai sa masa sunansa ba, shekara talatin da huɗu wurin yana amsa sunansa na asali. A watan Yunin 2025 bayan an yi masa kwaskwarima ta kusan naira biliyan 39, ministan Abuja Nyesom Wike ya sa masa sunan Tinubu, ƙananan ɗakunan ciki kuma aka raba wa mataimakin shugaban ƙasa da shugaban majalisar dattawa da kakakin majalisar wakilai da alƙaliyar alƙalai. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, don ɓangaren shari'a da majalisa su ne ya kamata su tambayi yadda aka kashe biliyan 39 ɗin, to ga shi an ba kowa ɗakinsa a cikin ginin.

In gyara yana sa a mallaki suna to magini da ya yi wa gidanka yaɓe shi ma sai ya rubuta sunansa a ƙofar zaure. Gwamna ko minista da ya gina asibiti aikinsa ya yi, don shi aka zaɓe shi ko aka naɗa shi, ana biyansa albashi da alawus a kai. Mu gode masa, mu yi masa addu'a, in ya sake tsayawa mu ba shi ƙuri'a in ya cancanta. Amma ya sa wa abin sunansa ko yaransa su sa masa, wannan yabon kai ne, kuma mun san abin da aka ce game da yabon kai.

Audu Bako ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya yi madatsar ruwa ta Tiga wadda har yau manoman Kadawa da Kura suke noman rani da ruwanta. Madatsar sunanta Tiga. Amma ka je Kura ka tambayi dattijon da yake tsaye a gonar shinkafa wa ya kawo ruwan nan, zai faɗa maka sunan ba tare da ya duba wani allo ba.

Su talakawa ma da nasu sunayen

Abin da masu canza suna ba sa so su gane shi ne, gwamnati tana rubuta allo ne kawai, amma bakin mutane shi yake raɗa suna. Ka tare ɗan adaidaita a Kano ka ce ya kai ka kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, da yawa sai sun ɗan yi jim, ka ce Sabon Gari kuwa ko ciniki ba sai an ja ba. Kuma Rimi fa mutum ne da Kanawa suke ƙauna har gobe, amma kasuwar ta riga ta yi suna kafin a kawo nasa. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, kantoman soja da ya rasu a haɗarin jirgi a Jos a 1996, har yau asibitin Nasarawa ake ce masa. A Kaduna babbar kasuwa tana ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi, amma kwandasta "Kasuwa! Kasuwa!" yake kira.

To amma ka ce asibitin Malam. Ba sai ka ƙara komai ba, ko daga Haɗeja aka taho da mara lafiya an san inda za a nufa. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, asibitin koyarwar aka kafa shi a 1988, mai sunan ya riga ya gama nasa, an ga gidan da ya rayu a ciki a Gwammaja, an ga abin da ya bari. Haka asibitin Murtala da Gidan Murtala, sun zauna a baki daram, mutumin da aka kashe a watan Fabrairun 1976 bayan wata shida kacal a mulki.

Abin da na fahimta shi ne suna yana kamawa ne in mutane sun riga sun yarda da mai shi a zuciyarsu kuma wurin bai riga ya yi wani sunan da ya bi jiki ba. In babu waɗannan biyun to kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Jami'o'i kuwa a bar su su huta

Nan abin ya fi ciwo saboda akwai satifiket a ciki. A ranar 29 ga Mayun 2012 Jonathan ya sanar da mayar da Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola, ɗalibai suka fito kan titi, tsofaffin ɗalibai suka tafi kotu, maganar ta mutu, har yau Jami'ar Legas ce. Kuma ba wai Yarbawa ba sa son Abiola ba ne, sun ce ne a nemo masa wani abin. Aka kuwa samu, a 2019 Buhari ya sa wa babban filin wasa na Abuja sunansa, ba wanda ya yi zanga-zanga.

A ƙarshen 2024 aka ce Jami'ar Abuja ta koma Jami'ar Yakubu Gowon. A watan Yulin 2025, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Buhari, aka sanar cewa Jami'ar Maiduguri ta koma Jami'ar Muhammadu Buhari, ƙungiyar malaman jami'ar ta fito ta ce ba ta yarda ba. Ni ina ganin suna da gaskiya. Jami'ar nan tun 1975 take, ta zauna a buɗe a mafi yawan shekarun Boko Haram, an kai mata harin bam har cikin masallaci, malamanta sun mutu, ɗalibai sun yi jarrabawa suna jin ƙarar bindiga, sunan Maiduguri da yake jikinta ba ado ba ne, shaida ce ta abin da garin ya jure. A ce za a sauya shi a zaman majalisar zartaswa guda ɗaya ana cikin makoki ba tare da an tambayi waɗanda suke ciki ba, bai yi ba. Allah ya jiƙan Buhari, amma ga jihar Katsina can da abubuwan da za a iya ginawa sabbi fil a sa masa.

A Kano mun ga namu. Jami'ar Northwest aka kafa ta a 2012, da Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya rasu a 2017 aka mayar da ita sunansa, gwamnati ta canza aka sake dawo da ita Northwest, yanzu kuma sunan nasa yana kan jami'ar ilimi ta tarayya. Wato 'yan gida ɗaya, wa da ƙani, sun yi makaranta ɗaya amma takardunsu sunaye daban, in ɗaya zai nemi karatu a waje sai ya yi ta bayani. Shi kuma Ɗanmasani, dattijon da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon a haɗa kai, aka mayar da sunansa abin ja-in-ja tsakanin ɓangarorin siyasa. Wannan ba karramawa ba ce, jan mutuncin mamaci ne a ƙasa.

Maƙwabtanmu na Nijar, Jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, malamin kimiyya ne da ya yi fice a binciken hasken rana kuma ya shugabanci jami'ar, ya rasu a 1991 aka sa sunan a 1992. Jami'a ta amsa sunan malaminta. Gwamnatoci nawa aka yi a Nijar tun daga lokacin, na soja da na farar hula, sunan yana nan.

"Ƙananan ma'aikatan nan wa ya san su?"

To ai shi ya sa za a sa sunan nasu. Shugaban ƙasa ba ya buƙatar allo kafin a san shi, yana cikin littafin tarihi ko ya yi da kyau ko bai yi ba. Wanda yake buƙatar bango ya riƙe masa suna shi ne wanda in ba haka ba ƙasa za ta rufe shi da labarinsa gaba ɗaya.

Ni kaina ban san waye Barau Dikko ba sai da na kai wata 'yar uwata asibitin da yake ɗauke da sunansa a Kaduna, zaman jinya ya yi tsawo na tambayi wani tsohon nas, shi ya gaya min cewa likita ne na farko daga Arewa, mutumin Wusasa. Da ba don allon nan ba da har yau ban sani ba. Haka titin Ali Akilu, dubban motoci suna bi kullum, mutumin ma'aikacin gwamnati ne da ya riƙe sakataren gwamnatin Jihar Arewa, ba gwamna ba ne ba minista ba. Aliyu Mai-Bornu yana aljihun kowa a jikin naira dubu tare da Clement Isong, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Babban Banki. Ladi Kwali maginiyar tukwane tana bayan naira ashirin. Ashe da can mun san yadda ake yi, daga baya ne muka ɓata.

Yanzu bari in yi tambaya ɗaya. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu allurar rigakafin shan inna a wasu ƙananan asibitoci biyu a cikin Kano. Mata ne irin yayyenmu da iyayenmu, masu ɗaukar 'yar kula su bi gida-gida a rana, ana rufe musu ƙofa ana zaginsu, a kan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, manya suka yi jawabi aka tafa. A cikin masu karanta wannan rubutun wa zai iya kawo sunan ɗaya daga cikin matan nan tara? Ni na kasa, kuma kunya nake ji. Ga ƙananan asibitoci a kowace mazaɓa waɗanda ba su da wani suna sai na unguwa, me zai hana tara daga ciki su amsa sunayensu, a kafa ɗan allo a bakin ƙofa a rubuta da Hausa da ajami abin da ya faru, uwar da ta kawo ɗanta rigakafi ta karanta ko a karanta mata?

Dakta Stella Adadevoh ta tsare mutumin da ya shigo da Ebola Legas daga Laberiya a 2014 ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ta kamu ta rasu a watan Agustan shekarar. Da ta bar shi ya fita, motocin da suke tasowa daga Legas zuwa Kano kullum dare Allah kaɗai ya san abin da za su kawo mana. An sa wa wani titi a Abuja sunanta, madalla, irin wannan nake so a yawaita. Kuma a kowace ƙaramar hukuma akwai irinsu da ba a taɓa bugawa a jarida ba, hedimastan da ya yaye rabin garin, ma'ajin da ya yi ritaya bai da gidan kansa saboda bai taɓa taɓa sisin kwabo ba, ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki aka bar matarsa tana zaryar neman haƙƙinsa.

Wani zai ce in aka buɗe wannan ƙofar ai rigima za a yi, kowa zai kawo sunan babansa. Za a yi kam. Amma rigimar da za a yi a fili a gaban mai unguwa da limamai da ƙungiyar ma'aikata da tsofaffin ɗalibai ta fi shawarar da mutum ɗaya zai yanke a ofis don ya faranta wa na sama da shi. Mutanen gari sun san wanda ya yi musu aiki da wanda ya cuce su, ba a ɓoye musu wannan.

Abin da nake roƙon 'yan majalisunmu na jiha da na tarayya bai da yawa. A yi doka cewa ba a sa wa kadarar gwamnati sunan wanda yake riƙe da muƙami, kuma sai mutum ya yi aƙalla shekara biyar da rasuwa. Wurin da ya riga ya amsa sunan wani ba a taɓa shi sai in an tabbatar da wani babban laifi a kan mai sunan. Makaranta ko asibiti ko kasuwa ba a canza musu suna sai an zauna da masu amfani da wurin an ji ta bakinsu. Kuma kafin a ɗaga allo a tabbatar an biya iyalan mai sunan garatutinsa, sannan ginin yana da ruwa da wuta da rufin da ba ya yoyo, don ɗora sunan mutumin kirki a kan kangon da jemagu suke kwana a silin ɗinsa ba girmamawa ba ce.

Ranar nan sai bayan la'asar aka kira lambar Kawu, aka ɗauki hoton yatsansa, aka ce ya dawo wani watan don na'urar ba ta karanta babban yatsan ba, ya goge saboda tsufa. Da muka fito samarin sun gama aiki sun tafi da tsaninsu, ɗan jari-bolar yana ɗora buhu a baro. Kawu ya tsayar da shi ya ce, "Yaro, nawa za ka sayar min da guda ɗaya?" Yaron ya ce Baba ɗauki kawai. Ya sunkuya da ƙyar ya zaɓi harafin farko na sunan tsohon maigidan nasa, ya kaɗe ƙurar da hannun riga, ya sa a cikin fayil ɗin tare da takardar ɗaukarsa aiki. Ya ce in mun je gida in tuna masa, akwai 'yar marigayin da take aure a bayan layinsu, zai aika mata da shi.